Rumfar Inabin Gwaggo Araksi

Sansanin ƙirga kifi, Alaska
Yuni, 2002

Gwaggo Araksi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ƙafar nan kuma ta yi sauƙi. Ni ma na iso lafiya, in ban da sauro. Gwaggo, sauron nan ba cizo yake yi ba, yanka yake yi. Mu huɗu ne a bakin kogi, aikinmu mu tsaya mu ƙirga kifin da ke hawowa, har ƙarshen Satumba. Babu waya, sai oba-oba na kiran gaggawa, sai ƙaramin jirgin da ke kawo mana abinci da wasiƙu in gari ya yi kyau. Ke ma dai ba jin ƙarar waya kike yi ba, saboda haka takarda ce za ta haɗa mu.

Na gode da kika karɓi Otis. Na san kare bai taɓa taka ɗakinki ba, kuma na ga irin kallon da kika yi masa ranar da na sauke shi. Amma wa nake da shi in ba ke ba? Tun da Baba ya rasu, karen nan kaɗai ya rage min daga gidanmu. Har yanzu in ya ji mota mai ƙara irin ta Baba, sai ya je bakin ƙofa ya tsaya. Ke da Baba 'ya'yan wa da ƙane ne, a gona ɗaya kuka tashi, don haka ki ɗauka amanar Baba Vahan ce, ba tawa ba.

Likitan dabbobi ya ce ƙiba ta yi masa yawa, ga tsufa, gwiwoyinsa sun fara gajiya. Abincinsa kofi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, shi ke nan. Biskit ɗin karnuka na kanti kada ki saya, gishiri ne da maiƙo da kala. In ya zuba miki idon nan nasa na maraya, ki ba shi 'ya'yan itace: yankan tuffa amma ki cire 'ya'yan ciki, kankana ba ɓawo ba ƙwallo, ayaba ɗan kaɗan. Duk abin da ya fito daga gona ya fi abin leda. Ban da burodi, ban da cuku. Gwaggo, na san ki.

Taki,
Talin

Gona, bayan garin Fresno
Yuli

Talin 'yar Vahan,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafata tana nan yadda kika bar ta, ba ta warke ba, ba ta kashe ni ba. Zafi kuwa sai wanda ya gani. Inabi ya yi kyau bana, in Allah ya tsare mu da ruwan Satumba za a shanya zabibi mai kyau.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Ke yanzu ni za ki koya wa cire 'ya'yan tuffa? Don kare? Na raini yara uku, na yi jinyar miji har ya koma ga Allah, babu wanda na taɓa feraye wa kankana ina tsince ƙwallo sai wannan buhun gashin da kika jibge min. A zamaninmu kare yana bayan gida ne, abin da aka rage shi yake ci, kuma bai taɓa ganin likita ba balle a ce gwiwarsa.

Ga halin ɗan naki. Da asuba yana bakin ƙofata yana nishi kamar tsohon da ya hau bene. In na shiga kicin yana ƙafata. In na zauna a ƙarƙashin rumfar inabin nan ta tsakar gida, sai ya zo ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar da ke min ciwo, ba mai lafiyar ba. Na ce masa tafi can, ya kalle ni. Wallahi kallon Vahan ne sak, lokacin da yake yaro yana roƙon uwata abin daɗi. Haushi ya kama ni, na ba shi cuku. Ɗan kaɗan ne, kada ki cika min kunne.

Sirvart maƙwabciyata ta leƙo ta same ni ina yanka tuffa ƙanana-ƙanana a faranti. Ta ce, "Araksi, baƙi kika yi?" Na ce na kare ne. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta ce, "Tsufa ya zo miki da sabon salo. Gobe sai ki ɗinka masa riga." Ranar Lahadi duk matan coci sun ji. Kin ga abin da kika jawo min.

Tuffar yana ci, kankana kuwa har da lashe faranti. Ayaba ya shinshina ya kau da kai, kuma ban ga laifinsa ba, ayaba ba abin gonarmu ba ce.

Ki rufe jikinki, ki ci abinci mai zafi. Ƙirga kifi! Da digirinki.

Gwaggonki,
Araksi

Sansani, Alaska
Ƙarshen Yuli

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da zafi. Ni lafiya lau, kifi ya taho da yawa har idona yana ganinsu in na rufe shi.

Cuku, Gwaggo? Tun a wasiƙar farko? Haba! Abu uku kacal na hana. Na san "ɗan kaɗan" ɗinki, da shi kika mayar da ni kamar tulu duk hutun da na yi a wurinki. Karen nan ba yunwa yake ji ba, wayo yake miki. In kin ji tausayinsa ya kama ki, ki nufi bishiya, kada ki nufi firji. Abin da gonarki ta ba ki, ki ba shi, hankalina kwance. Sirvart kuwa ki ce mata kyanwarta da take saya wa kifin gwangwani fa?

Amma na yi kuka da na karanta maganar kallon Baba. Ni ma ina ganin haka, ban taɓa faɗa wa kowa ba don kada a ce na zare.

Taki,
Talin

Gona
Farkon Agusta

Talin,

Lafiya muke, ni da buhun gashinki. Na faɗa wa Sirvart maganar kyanwa, ta kwana biyu ba ta leƙo ba, na huta.

Cuku na daina, ki kwantar da hankalinki, malama likita. Ya ma rage tumbi, jiya har ya bi zomo taku kaɗan kafin ya tuna shekarunsa. Na shanya masa yankan tuffa a kan rufin mota ya bushe, yana ci yana ƙaras-ƙaras, ya fi son shi a kan ɗanye.

Yanzu rigimarmu ɗaya ce. Inabin rumfa ya nuna, ya fara zubowa daidai inda yake kwanciya, shi kuma idonsa na kai. Kin san ba a sa inabi a baki a gidan nan sai an kai shi coci Fada ya sa masa albarka a tsakiyar Agusta. Uwata ta taɓa zane Vahan da tsintsiya a kan ƙwaya ɗaya da ya tsinka kafin ranar, a ƙarƙashin wannan rumfar da ita ta dasa da hannunta. To dokar da ta hau kan Vahan ba za ta tsallake karensa ba. Safe da yamma ina sharewa, in na ga ya kai baki in daka masa tsawa. Bai ci ko ɗaya ba. Bayana ya gaya min, amma al'ada al'ada ce.

Ranar Lahadin albarka, in na dawo daga coci, kowa a gidan nan yana da nononsa na inabi, wato reshe guda cike da 'ya'ya, haka muka gada. Bara na ajiye na Vahan a faranti har ya yanƙwane, babu mai ci. Bana Otis zai cinye rabon ubangidansa. Tun da kin ce abin gona ya fi abin leda, ai babu abin gona da ya kai wannan. Bayan an shanya kuma zan cika masa kwalba da zabibi, ya riƙa samu ɗaya-ɗaya, ba sukari ba gishiri ba kala. Kin ga ashe tsohuwa ma tana jin magana.

Gwaggonki,
Araksi

Sansani, Alaska
Litinin, bayan Lahadin albarka

Gwaggo, kada ki ba shi inabi! Kada ki ba shi zabibi! Ko ƙwaya ɗaya!

Ban ma gaishe ki ba, ki yi haƙuri. Hazo ya hana jirgi sauka sama da mako, sai yau da safe wasiƙarki ta iso. Ina karanta wa abokan aikina muna dariyar tsintsiya, sai Marni, wadda ta taɓa aiki a asibitin dabbobi, ta ajiye cokali ta ce, "Inabi? Kare?" Ta ce likitoci sun gano ba da daɗewa ba cewa inabi da zabibi suna kashe ƙodar kare. Wani ya ci kwando bai ji komai ba, wani ya ci cikin tafin hannu ya mutu, kuma babu mai iya sanin wanne ne wanne sai ya faru. Na duba kalanda, Gwaggo. Jiya ce Lahadin.

Na yi ta kira a oba-oba har na samu ofishinmu na gari, na roƙe su su buga wa duk wani likitan dabbobi da ke kusa da ke, ya je gidan da kansa, don na san wayarki za ta yi ta ƙara kina zaune kusa da ita ba ki ji ba. Sau nawa aka ce ki sa abin jin nan a kunne? Yana cikin durowa yana jin maganar cokula!

Me ya sa komai sai kin ƙara naki? Tuffa na ce, kankana na ce, ayaba na ce. Wa ya ce inabi? Nono guda, Gwaggo, ga tsohon kare! In wani abu ya same shi ban san yadda zan yi ba. Ina nan a bakin kogi ina ƙirga kifin banza, ba ni da ko hanyar jin muryarki.

Talin

Gona
Talata

Talin,

Ina fata kina lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Jiya da rana ina wanke-wanke sai ga wata mota ta shigo min gida da gudu har tana tayar min da ƙura a kan shanya. Wata yarinya ta fito, wai ita Likita Okamoto, wai daga Alaska aka aiko ta. Ko zama ba ta yi ba, ko ruwa ba ta sha ba, sai "Nawa ya ci? Yaushe ya ci?" kamar 'yar sanda. A gaban Sirvart! Na ce ya ci rabonsa ranar Lahadi, inabi mai albarka, daga rumfar uwata. Ta ce guba ne gare shi. Guba! Shekara saba'in da huɗu ina ci, da shi aka yaye ubanki, da kuɗinsa aka biya makarantar da ta koya miki ƙirga kifi. Karen Sarkis na ƙarshen layi kullum yana cikin gona yana ci, ga shi nan ya fi ni lafiya. Na faɗa mata haka. Ta ce, "Mama, ya yi amai?"

Ya yi. Tun safiyar jiya yake yi, ya ƙi tuffa, ya ƙi kankana. Na ɗauka zafi ne.

Ta ɗauke shi a hannu kamar jariri ta sa a mota. Bai ko waiwayo ba. Ta ce sai an yi masa ƙarin ruwa an ga abin da ƙodar za ta yi, ba ta yi min alkawarin komai ba.

Ke kika rubuta da hannunki cewa duk abin da ya fito daga gona ya fi abin leda. Wasiƙar tana nan a gabana. Ban ƙara komai ba.

Araksi

Sansani, Alaska
Ƙarshen Agusta

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina fatan kina cin abinci. Wasiƙarki ta Talata ta iso, tun daga nan shiru. Jirgi ya zo sau biyu, babu komai daga gare ki. Ofishinmu sun buga asibitin, aka ce an sallame shi daga can, wanda ya ɗauki wayar bai san ko a raye aka fita da shi ba. Wace irin amsa ce wannan? Don Allah ki rubuto, ko layi ɗaya ne. In ya mutu ki ce ya mutu. Shirun nan ya fi komai ci min rai.

Na san wasiƙar da na rubuta cikin fushi ta same ki bayan an riga an tafi da shi. Da ina da hannun da zai kai akwatin gidan waya, da na ciro ta. Gaskiyarki ce, ni na rubuta maganar gona, har sau biyu. Ni ma ban sani ba. Da ina gida ranar Lahadin, da ni zan riƙe masa farantin. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma duhun ya rufe mu mu biyu.

Amma ke ma, Gwaggo, taurin kanki ya yi yawa. Kina fushi da ni sai ki hukunta ni da shiru? Ina nan ina ƙirga kifi ina ɓata lissafi, har shugabanmu ya ce in je in kwanta. Abin jin nan dai ki sa shi, ko don likita in ta buga.

Taki, ko kina so ko ba kya so,
Talin

Gona
Satumba

Talin 'yar Vahan,

Gaisuwa. Ƙafata ta kumbura, bayana ya riƙe, hannuna duk kanta. Zabibi na ƙasa a shanye, sama kuma tana ta haɗa gira, kowa idonsa na kan gajimare.

Yana raye. Ga layinki ɗaya, sai ki koma ki ƙirga kifinki daidai.

Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba, ko da yake wasiƙarki ta cancanci a kunna murhu da ita. Ban san abin da zan rubuta ba ne. Kullum Sirvart tana kai ni asibitin, in zauna kusa da kejinsa da allura a ƙafarsa, likita tana cewa a jira gobe. In rubuta miki yana raye, wasiƙar ta yi mako a hanya ta iso ƙarya? Bayan an sallamo shi ma sai da ya yi kwanaki yana kallon abinci kamar bai san shi ba. Na ce ba zan ɗauki biro ba sai ya ci da kansa. Shekaranjiya ya sace min burodi a kan tebur. Na zage shi tas, sannan na zauna na yi kuka kamar wata sakarya.

Likitar ta ce ƙodar ta tabu, ba za ta koma kamar da ba, amma in an kiyaye zai yi shekarunsa. Yarinyar tana da kirki, bakinta ne dai babu man shafawa. Ta ce tuffa da kankana ba laifi, dafaffiyar kabewa ma haka, ayaba a rage. Inabi kuwa, ɗanye ko busasshe ko ruwansa, ko kusa. Na tambaye ta karen Sarkis fa? Ta ce sa'a yake ci. Na aika wa Sarkis, ya ce in ji da kaina. Abin jin ma na sa, don ita, ba don ke ba. Ashe haka firjin nan yake ƙara duk shekarun nan babu wanda ya gaya min.

Na sa an ja waya an zagaye tsakar gida don kada ya shiga gona wurin shanya. Saura rumfa. Na yi shara, na yi shara, Talin. In share da safe, kafin in juya wata ƙwayar ta faɗo daidai hancinsa. Tsuntsaye ma suna taya ta. Na ɗaure shi a bayan gida, ya yi ta kuka, don nan ƙarƙashin rumfar yake so, kusa da kujerata. Na tsinke nonon duka, washegari na tsinci uku a ƙasa da suka ɓuya a cikin ganye. Idona ba na da ba ne, kuma badi ma za ta sake yi.

Ranar Alhamis na ɗauko zarton marigayi mijina na sare ta daga tushe. Sirvart ta rugo tana ihu, "Araksi, kin haukace? Kurangar uwarki! Saboda kare?" Na ce ta riƙe min tsani ko ta tafi gida. Ta riƙe, tana kuka tana zagina. Itacen ya yi tauri, sai da muka wuni. Kada ki rubuto min godiya, kada ki rubuto min ban haƙuri, ba na son jin ko ɗaya. Vahan ya sha tsintsiya a ƙarƙashinta a kan ƙwaya ɗaya, ni na ba karensa nono guda da hannuna. Uwata za ta gane, in ba ta gane ba ma yi maganar in na je.

Yanzu tsakar gidan fayau, rana tana dukanmu ni da shi. Na kafa tsohuwar lema, muna zaune a ƙarƙashi kamar masu sayar da kankana a bakin titi. Na saro reshe ɗaya na ba Sirvart ta dasa a bayan gidanta, inda babu kare. In ya kama, badi can za ki je ki ci rabonki.

Ranar da za ki zo, ki taho da dashen tuffa guda biyu, masu zaƙi, ba irin na kanti masu tsami ba. Ramin yana nan inda na cire kurangar. Kuma kada ki zo min da igiyar kare a hannu kina cewa za ki mayar da shi wancan ɗakin naki na bene. Gwiwoyinsa ba za su iya ba, likita ma ta faɗa, ko ba ta faɗa ba ni na faɗa. In kina son ganinsa, kin san hanyar gona.

Zan tsaya nan, ya ɗora min haɓa a kan ƙafar, mai ciwon dai, kuma tuffar tana kicin ban cire 'ya'yan ba tukuna.

Gwaggonki,
Araksi